Kafin Ki Rubuta Kwatano

Gumel, ranar Juma'a.

Uwata Hajara, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Kamfanin da ya ƙera injin tace riɗinku ya gama ɗaure shi, ya saka shi a kwantena, yana jiran ki aika masa da sunan tashar da jirgin ruwa zai sauke shi kafin ranar Talata. Ke kuma kin riga kin ce wa Mamman Sani, ɗan Alhaji Sanda na Kwatano, in Allah ya yarda ta wajensu za ki bi. Waɗannan abubuwa biyu na ji daga bakinki jiya da la'asar kina haɗa jaka, ban ce komai ba. Yau da safe na raka ki tashar mota, kika hau ta Kano, na ɗaga miki hannu, nan ma ban ce komai ba. Shi ya sa na zauna rubutu.

Ina fatan kin sauka lafiya, kin iske gwaggonki da mutanen gidanta lafiya. Allah ya tsare ki a sauran tafiyar, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya dawo mana da ke da ƙafafunki. Mahaifiyarki tana gaishe ki. Ita ce ta ajiye mini biro da takarda a kan tabarma, ta ce, "Malam, ka shekara ashirin kana rubuta labarin mutane a jarida. Yau rubuta naka, ka ba yarinyar nan." Zan ba direban motar da za ta tashi bayan sallar Juma'a ya kai miki wasiƙar, tunda sai jibi za ki tashi daga Kano ki nufi bakin teku.

Bari in fara da abin da ke hannunki, don kada ki ɗauka ina raina shi. Manoman riɗi na Gagarawa da Sule Tankarkar sun haɗa kai, abin da ban taɓa ganin sun yi ba, sun sayi inji ɗaya da zai raba musu riɗi da ƙasa da tsakuwa da ƙaiƙayi. Ke kika tsaya gaban dattawansu kika yi musu bayani har suka yarda. An yi shuka, ta fito. Idan injin ya iso kafin kaka, za su sayar da tataccen riɗi da darajarsa. Idan ya iso bayan kaka, za su sayar da shi da ƙasarsa kamar kowace shekara, kuma na san mutanen nan, ba za su sake haɗa kai su miƙa wa wani amana ba, ko ke ko wani. Tsakanin waɗannan biyun babu komai sai sunan gari ɗaya da za a buga a takardar jirgi. Ina jin tsoron sunan da kike shirin bayarwa, domin na taɓa bayar da shi.

Kin san yadda ake yi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Bafatake zai taso daga can cikin Nijar da shanunsa ko raƙumansa, ba ya tsayawa ko'ina sai gidan fatomansa. Nan zai ajiye jaka, nan zai ci, fatoman ne zai tsaya masa a ciniki, shi ne shaidarsa idan rigima ta taso. Ubansa a gidan ya sauka, ɗansa ma a nan zai sauka. Idan wata rana aka gan shi ya shiga wani gida, kafin azahar kasuwa ta gama ji, kowa yana tambaya me ya faru tsakaninsu. Da wannan tarbiyyar muka tashi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Kuskurena shi ne na ɗauke ta daga kasuwar shanu na kai ta bakin teku.

Na san Alhaji Sanda tun ina ɗan jarida, lokacin da aka aike ni Kwatano in yi rahoto a kan 'yan kasuwarmu da ke can. Mutumin Damagaram ne da ya daɗe a Zangon garin. Ba na jin Faransanci, ban san kowa ba. Ya ba ni ɗaki, ya ciyar da ni, ya riƙe hannuna daga wannan ofis zuwa wancan. Da aka haife ki, mota ya hau ya zo har Gumel da rago. Da na bar aikin jarida na koma shigo da kayan noma, su famfon feshi da tiyo da irin lambu, ban ma yi tunanin wata tasha ba. Kaya su sauka Kwatano, Alhaji ya fito da su da takardun wucewa, su bi Malanbil, Gaya, Doso, Maraɗi, Damagaram, su gangaro Maigatari, in yi takardun kwastan, in shigo da su. Shekaru muka yi a haka lafiya.

Sai shekarar da aka rufe iyakokin ƙasa. Kina jami'a a lokacin, mun ɓoye miki rabin abin da ya faru. Abin da nake so ki sani shi ne rufewar ba ta zo mini ba zata ba. Ina karanta jaridu uku kullum. Na ga yadda maganar shigo da kaya ta ƙasa take ta zafi a bakin hukuma, na san irin kalaman da akan yi kafin a ɗauki mataki, don na sha rubuta irinsu. A kan tabarmar nan na ce wa mahaifiyarki boda ba za ta kai kaka a buɗe ba. A satin kuma ina da kwantena da ake shirin lodawa, rabinsa irin albasa ne a gwangwani. Na kira Alhaji da niyyar in ce masa bana ta Legas zan bi. Bayan mun gaisa na fara kewaye-kewaye, na ce ina jin wasu maganganu game da boda.

Ya yi dariya ya ce, "Ɗan jarida, me muka yi maka? Tuwon gidan ne ya yi tsami, ko an ce maka mun tsufa?"

Na ce, "Haba Alhaji, tambaya ce kawai."

Ya ce, "Bodar nan tun kana goye ake cewa za a rufe ta. Aiko kayanka. Ɗakinka yana nan, an share."

Na kashe waya, na rubuta wa masu kayan cewa a sa Kwatano. Mahaifiyarki tana tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Ta ce, "Ba kai ka ce za a rufe ba?" Na ce mata ba ta san yadda abin yake tsakanin maza ba. Ta ajiye tiren ta fita.

Jirgin yana tsakiyar ruwa aka rufe. A nan na koyi abin da nake so ki riƙe fiye da duk abin da ke cikin wannan wasiƙa. Ba ranar da jirgi ya iso ake zaɓar tasha ba, ranar da aka buga takardarsa ake zaɓa. Ni na ɗauka kamar motar haya ce, ka ce wa direba ka fasa sauka nan, a wuce da kai gaba. Na nemi a juya kayan zuwa Legas. Aka ce sai kamfanin jirgi ya yarda, sai wanda ya sayar mini ya sa hannu, sai an sake takardun banki da na kwastan don su dace da sabuwar tashar, kuma duk wannan kafin jirgin ya tsaya. Ina cikin aika saƙonni aka sauke kwantenan a Kwatano.

Ba zan zalunci Alhaji ba. Ya yi duk abin da fatoma zai yi. Ya fito da kayan, ya nemo kamyo, kamar yadda suke ce wa babbar mota, ya raka su da addu'a har suka wuce Damagaram. Suka tsaya a wani fili a tsallaken iyaka, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga ƙofar shagona. A nan suka shekara, har da ɗoriya. Nakan je in duba su. Wata rana da tsakar rana na ɗora tafin hannuna a jikin kwantenan, ban iya barinsa a kai ba sai da na janye. Na tsaya ina kallon ƙarfen, ina tunanin abin da ke cikin gwangwanayen. Wasu sun zo sun ce mini akwai hanya, a fasa kwantenan a shigo da kayan kaɗan-kaɗan a kan babura ta daji. Na ƙi. A duk labarin nan wannan kaɗai ne na yi daidai.

Don haka, Uwata, ki raba abu biyu da ni na haɗa. Alhaji Sanda mutumin kirki ne, kuma yana da haƙƙi a kanmu. Amma kirkinsa ba ya buɗe boda. Fatoman Maigatari yana da iko a kan abin da ke gabansa, dabba ce da mai saye, duk suna fili ɗaya. Fatoman Kwatano ikonsa ya ƙare a ƙofar tasha. Abin da ke bayanta na gwamnatoci uku ne, kuma babu wadda za ta yi shawara da shi.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, don na farko kaina na cuta. Da aka buɗe boda kayan suka shigo, na buɗe gwangwani ɗaya na duba. Irin yana nan baƙi, a bushe, kamar ranar da aka zuba shi. Na san ƙa'ida. A ɗebi kaɗan a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a jira kwanaki a ga ko zai tsiro. Ban yi ba. Ba mantuwa na yi ba, tsoron amsar nake ji. Da lokacin rainon albasa ya zo na jera gwangwanayen a shago.

Akwai wani manomi a Gagarawa Tasha, Malam Idi, wanda ya daɗe yana sayen iri a wurina. Wata safiya ya shigo shagon da faranti a hannu, an cika shi da ƙasa. Ya yi sallama, ya gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ya ajiye farantin a kan tebur.

Ya ce, "Malam, na kawo maka albasarka ka gani."

Na duba, na ce, "Ina take?"

Ya ce, "Ni ma abin da na zo tambaya ke nan. Kwana ashirin ina ba ta ruwa da guga, safe da yamma. Na ce ko kunyata take ji, bari in kawo ta wurin mai ita."

Mutanen da ke zaune a benci suka yi dariya, shi bai yi ba. Na fara cewa ko ƙasar ce, ko zafi ne. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Da ka ce mana ya kwana a hanya, da mun gwada shi a tsumma. Mu ma mun san tsumma." Ya ɗauki farantinsa, ya zubar da ƙasar a bakin ƙofa, ya tafi. Shi da wasu da yawa sun rasa albasar shekarar, don lokacin raino ya wuce. Har yau idan muka haɗu yana gaishe ni da mutunci. Bai sake sayen ko cokali ɗaya na iri a hannuna ba.

Na san injinku ba iri ba ne, zafi ba zai kashe shi a gwangwani ba. Amma kaka ba ta jira, kuma mutanen da ke jiranki irin su Malam Idi ne, wasunsu ma 'ya'yansa ne. Duk abin da ya faru da kwantenan nan, ki gaya musu a ranar da kika ji. Idan an jinkirta, ki ce an jinkirta. Idan ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba. Manomi yana da dabarar da zai yi da mummunan labari idan ya zo masa da wuri.

Jiya na ji kina cewa ta Nijar ai gida ne, kayan za su faɗo Maigatari kai tsaye, ba sai sun ratsa Najeriya duka ba. Haka nake cewa a da. Mu mutanen iyaka muna ganin tsallake kamar bayan gida, don can muke da dangi, can muke zuwa suna da ta'aziyya. Amma kwantena ba ya tafiya da dangantaka. Kada ki auna hanya da nisanta, ki ƙirga iyakokin da ke kanta. Daga Kwatano ta Nijar iyaka biyu ce. Daga Lome, idan aka zaga ta Burkina, uku ce, kuma abin da direbobi ke faɗa shi ne manyan motoci sai sun taru sun jira rakiyar sojoji kafin su ratsa wasu wurare. Daga Kwatano ta Seme ɗaya ce, sannan ki faɗa Legas ɗin da kike gudu. Daga Apapa, ko Tin Kan, ko Lekki, ko Onne ta wajen Fatakwal, babu ko ɗaya. Kowace iyaka ƙofa ce da wani zai iya rufewa da sanarwar layi biyu a rediyo.

Game da gadar Malanbil kuwa, iyakar abin da na sani shi ne ta daɗe manyan motoci ba sa ƙetare ta yadda suka saba. Ban je ba, ba zan ce miki ga halin da take ciki yau ba. Kin ce Mamman Sani ya ce kada ki damu, akwai hanya. Wannan maganar ce ta hana ni sakewa tun jiya. Ki tambaye shi wace hanya ce, ta wane gari, kuma kwantenan zai iso da hatiminsa ko sai an fasa shi an raba injin gunduwa-gunduwa. Ki tambaye shi wace mota ce ta bi ta a watan nan, ya ba ki lambar direban ki ji daga bakinsa. Sannan ki je bankin da ya buɗe muku takardar shigo da kaya ki tambaya ko dokar yanzu ta ma yarda inji irin wannan ya shigo ta ƙasa. Dokokin nan suna canzawa, ni kuma na kwana biyu da barin harkar.

Kada ki ɗauka ina ce miki Legas aljanna ce. Can ma na yi wauta. Bayan abin da ya faru da irin albasa, haushi ya sa na juya gaba ɗaya. Aka kawo mini farashin kamfanonin jirgi guda uku, na zaɓi mafi araha ban karanta sauran takardar ba. Ashe jirgin ba ya zuwa Legas kai tsaye. A wata tasha da ke maƙwabtaka yake sauke kaya, su jira ƙaramin jirgi ya kwashe su. Da aka aiko mini cewa jirgi ya iso, ban tambayi ina ya iso ba. Na ɗauki tirela, na tafi Apapa na zauna. Sati uku ina zuwa ofishin ejan da zai fito mini da kayan kullum, yana ce mini gobe. Shi ma ejan ɗin a waya aka haɗa mu, ban taɓa ganin lasisinsa ba, kuma daga baya na gane wani yake kai wa aikin.

To ki karanta takardar har ƙarshe. Ki tambaya ko jirgin kai tsaye yake ko yana sauke kaya a hanya. Ki tambaya kwana nawa ake ba kwantena kyauta a tashar kafin a fara cajin zamansa, kuma su rubuta miki, kada ki karɓa da baki. Ejan kuma ki je ofishinsa da ƙafarki, ki ga lasisinsa da sunansa a jiki, ki nemi mutum biyu daga Arewa da ya fitar wa kaya bana. Ni ban taɓa sauke kaya a Lekki ko Onne ba, don haka ba zan yaba miki su ba, ba zan kushe su ba. Wadda ejan mai gaskiya ya fi sani, kuma jirgin yake zuwa kai tsaye, ita ce taku. Ki kuma tambaya ko za a iya rubuta kayan har tashar tsandauri ta Kano, a yi kwastan a can. Idan zai yiwu, kin rage kwanakin da za ki yi a bakin teku, ni kuma kin rage mini fargaba.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa gaya wa mahaifiyarki ba, za ta ji shi yau idan na karanta mata wannan. A waccan tafiyar, da kayan suka fito, na ƙi hawa motar fasinja. Na ce a gaban tirelar zan zauna, idona a kan kayana. Bayan mun haye Jeba muka faɗa cunkoso, hanya ta lalace, motoci sun tsaya iya ganin ido. Gabanmu tankar mai, bayanmu tankar mai. Wajen hantsi sai na ji wari. Wata tanka da ke gaba kaɗan ta tsage, fetur yana bin kwalta, mutane sun fito da jarkoki da robobi suna ɗiba, ana ture-ture. Direbana, wani Bagobiri mai suna Tanko, ya kashe mota ya ce mu sauka. Na ce ba zan bar kayana ba.

Ya ce, "Malam, kwantena ƙarfe ne, kai nama ne. Sauko."

Na ce idan aka fasa fa?

Ya ce, "In an fasa ka kai ni ƙara. Ana kai ƙara daga kabari?"

Ya kama hannun rigata ya ja ni, muka yi nisa cikin gona muka zauna ƙarƙashin wata bishiya har la'asar. Wuta ba ta tashi ba, Allah ya kiyaye. Amma na zauna ina kallon wani mutum da taba a bayan kunnensa yana cika jarka, na san cewa abin da ya raba ni da barin ku marayu bai fi ashana ɗaya ba. Uwata, kada ki bi kayan nan a mota. Ki yi musu inshora, ki ɗauki lambar direba da ta mai motar, ki hau abin hawanki dabam ki riga su isowa. Idan wani a ƙungiyar manoman ya ce me ya sa ba ki zauna a kan amanarsu ba, ki turo shi wurina.

Saura abin da na san shi ne ya fi yi miki nauyi. Kin ce mini, "Baba, yaya zan yi in dubi idon Alhaji? Mutumin da ya kawo ragon sunana." Na ji ki, don da irin wannan nauyin na rubuta Kwatano. Amma ki lura da bambanci. Ni kayana ne na saka a hatsari don kunya, kuma duk da haka wasu ne suka sha wahalar. Ke ba naki ba ne ko ƙusa ɗaya a jikin injin. Ba ki da ikon yin kara da abin mutane. Idan kina son ki girmama Alhaji, ki je ki gaishe shi bayan kaka, ki kai masa buhun riɗin da injin ya tace, ki kwana a gidansa. Wannan shi ne haƙƙinsa. Sunan tasha ba ya ciki.

Kuma ba ke za ki gaya masa ba. Ni na ƙulla wannan zumunci, ni ya kamata in ɗauki nauyinsa. Da na ajiye biron nan zan kira shi in faɗa masa abin da na kasa faɗa a wancan karon. Idan zai yi fushi ya yi da ni. Ke dai ki zauna da ejan da banki ranar Litinin, ki zaɓi tasha a cikin ƙasar nan, ki aika sunanta a rubuce, ki kuma nemi su turo miki hoton takardar ki karanta da idonki kafin a buga ta.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko a ina take same ki. Kada ki ci abin da ba ki ga dafuwarsa ba a bakin tasha. Ki kira mahaifiyarki kullum ko da gaisuwa ce, don ba ta faɗa, amma tun da motarku ta tashi take zaune kusa da waya. Na bar ki a hannun Allah wanda ajiyarsa ba ta ɓata. Allah ya buɗe miki ƙofofin da ke da alheri, ya rufe waɗanda ba su da shi ko da kina son su. Allah ya kai ki, ya dawo da ke, ya sa mu ga injin nan yana aiki kina tsaye a gefensa. Amin.

Mahaifinki.

Ƙari. Na buɗe ambulan na saka wannan, direba yana jirana a waje. Na kira Kwatano bayan an sauko daga masallaci. Alhaji yana kwance ba ya jin daɗi, Mamman Sani ne ya ɗauka. Na ce masa bana kayan ba za su bi ta wajensu ba, kuma ni ne na hana, kada su ga laifinki. Ya ce, "To, Baba Malam, zan gaya wa Alhaji. Sai dai Hajara ta ba ni lambar kamfanin tun shekaranjiya. Don in rage mata aiki, jiya na aika musu da sunan tasharmu da adireshin ofishinmu." Na tambaye shi ko sun amsa. Ya ce sun ce sun gani.

Na kira ki sau uku, wayarki a kashe. Ki rubuta wa kamfanin da zarar kin karanta wannan, ki ce kada a buga komai sai da saƙo daga hannunki. A can ƙasarsu an tashi daga aiki, ba za su buɗe ofis ba sai Litinin. Har yanzu ba mu sani ba ko sun riga sun buga Kwatano a takardar.